Daftarin sharuɗɗan gasarmu ta gajerun labarai: a duba kafin a fitar da sanarwa

Malam Nasiru (sakatare):
Assalamu alaikum. Kamar yadda aka ɗora mana a zaman da ya gabata, kwamitin ƙungiyarmu ta marubuta ya fitar da daftarin sharuɗɗan gasar gajerun labarai da muke son buɗewa bayan ƙaramar salla, kuma shugaba ya ce a kawo shi nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa kafin a buga sanarwa. Abin da muka rubuta shi ne, labarin ya kasance cikin daidaitacciyar Hausa, kada ya gaza kalma 1,500 kada kuma ya wuce 2,500. Ya zama ba a taɓa wallafa shi a ko'ina ba. Mai shiga ya kasance ɗan jihar Filato mai shekara 18 zuwa 40. Kowa labari ɗaya zai aiko. Sannan akwai kuɗin rajista naira 2,000 domin hidimar alƙalai. Muna roƙon duk mai gyara ya faɗi dalilinsa, saboda dalilan ne za mu kai gaban kwamiti.

Hajiya Maman Zara:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, Allah ya saka muku da alheri, kun yi aiki. Amma sharaɗin da ya ce ba a taɓa wallafa labarin a ko'ina ba yana bukatar bayani dalla-dalla, domin idan aka bar shi haka, mafi yawan matan da ke rubutu a garin nan na Jos ba za su san ko suna ciki ko suna waje ba. Duk wanda ya san marubutan yanzu ya san cewa ba madaba'a suke fara zuwa ba. Mace za ta gama aikin gida, yara su yi barci, ta ɗauki waya ta rubuta shafi ɗaya ko biyu, da asuba ta tura zauren WhatsApp ko ta ɗora a manhajar labarai ta Wattpad ko Facebook, masu karatu su yi ta sharhi, gobe ta ci gaba. Haka ake rubutun Hausa a yau daga Anguwar Rogo har Bukuru. To wannan wallafa ce ko ba wallafa ba ce?

Ina tambaya ne domin abin ya taɓa faruwa da ni. Na shiga wata gasa, labarina ya kai zagayen ƙarshe, sai wani ya tura wa masu gasar hoton allon waya da ke nuna na taɓa saka farkon labarin a wani ƙaramin zaure na ƙawaye, inda na nemi su duba mini kurakurai. Aka cire ni ba tare da an nemi jin ta bakina ba. Da an rubuta a sharuɗɗan cewa ko zauren gyara bai halatta ba, da ban saka ba, kuma da ban ji zafin da na ji ba. Ba na son a yi wa wata yarinya haka da sunan ƙungiyarmu.

Malam Sabo:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, kuma tambayarki ita ce ginshiƙin maganar. Ina ganin zai taimaka mu fara rarrabe gasa iri biyu da ake yi a duniya, domin kwamiti ya ɗan cakuɗa su.

Akwai gasar da take karrama aikin da ya riga ya fito. Misali mafi kusa shi ne kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, wadda aka fara a 2004, kuma tun 2011 kuɗinta ya kai dala 100,000. Tana zagayawa tsakanin fanni huɗu, wato ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara, saboda haka kowane fanni sai bayan shekara huɗu yake dawowa, kuma littafin da aka buga a cikin wannan tsakanin ne ake karɓa. A can idan ba ka da bugaggen littafi ba ka da abin aikawa. Ɗan garin nan, Abubakar Adam Ibrahim, ya ci ta a 2016. Haka ma kyautar Caine ta Ingila, mai fam 10,000, wadda aka fara a 2000: gajeren labarin sai an riga an buga shi, kuma mawallafi ne yake gabatar da shi, ba marubucin da kansa ba. Helon Habila, wanda ya yi karatu a Jami'ar Jos, ya ci ta a 2001.

Sannan akwai gasar da take farautar sabon rubutu. Gasar gajerun labarai ta ƙasashen Commonwealth ita ce babban misali: labari mai kalma 2,000 zuwa 5,000, wanda ba a taɓa bugawa ba, kuma ba a biyan ko kwabo wajen shiga. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ita ma a wannan rukuni take. Masu irin wannan gasa suna da dalili biyu na hana tsohon labari. Na farko, alƙalai suna karantawa ne ba tare da sanin sunan marubuci ba, kuma labarin da ya riga ya zaga intanet ba ya ɓoyuwa. Na biyu, su masu gasar suna son su zama farkon waɗanda za su buga ko su karanta shi a rediyo, wannan ne ribarsu.

Tamu gasar ta rukuni na biyu ce, don haka sharaɗin yana da amfani. Amma ya kamata a auna shi da dalilinsa. Labarin da aka ɗora a shafin da kowa zai iya buɗewa, ko aka sayar wa masu karatu a zauren biya, ya fito fili, ya wallafu. Wanda aka tura wa mutane ƙalilan domin gyara bai fito ba, domin babu marubucin kirki da ba ya nuna wa wani aikinsa kafin ya miƙa.

Aliyu Gangare:
Allah ya gafarta Malam, na fahimci rabe-raben. Sai dai mu a nan duk mun san juna, kuma mun san salon juna. Idan alƙalan daga cikinmu za a ɗauko, ɓoye suna ba zai hana su gane mai labari ba. Ina ba da shawarar a rubuta a sharuɗɗan cewa alƙalai daga wajen ƙungiya za su zo, kuma ɗan kwamiti ko iyalinsa na kusa ba za su shiga ba.

Malam Nasiru (sakatare):
Wannan ya shiga, Aliyu. Babu wanda zai yi jayayya da shi.

Baba Alhaji:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyakar shekara 40, kuma ba don ta fitar da ni kaɗai nake magana ba. Ku tuna yadda ƙagaggen labarin Hausa na boko ya faro. A 1933 Hukumar Fassara ƙarƙashin Rupert East ta sa gasa, aka sami littattafai biyar da har yau ake karantawa a makarantu. Abubakar Imam, da ya rubuta Ruwan Bagaja, haifaffen 1911 ne, wato saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, sa'ansa ne kusan. Amma Malam Bello Kagara, yayan Imam, wanda ya rubuta Ganɗoki, an haife shi a 1890, ya haura arba'in a lokacin. Da East ya sa irin sharaɗin da kuka sa, da babu Ganɗoki. Kuma duk wanda ya karanta littafin ya san cewa abin da ke cikinsa na zuwan Turawa da yaƙe-yaƙen wancan zamani, sai mutumin da ya taso yana jin labarin daga bakin waɗanda aka yi da su ne zai iya rubuta shi haka.

Garin nan cike yake da tsofaffin da suka ga zamanin haƙar kuza, suka san yadda aka zauna a barikokin ma'aikata, suka ga kasuwar Terminus kafin gobarar 2002. Idan ba mu jawo su sun rubuta yanzu ba, yaushe za mu jawo su? Ku bar ƙasan a shekara 18, wannan daidai ne saboda maganar yarjejeniya da haƙƙin mallaka, yaro ba ya sa hannu a takarda. Amma ku cire saman.

Hajiya Maman Zara:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da ke bakina. Zan ƙara da cewa iyakar shekaru ta fi cutar da mata. Da yawa daga cikinmu aure da reno ne suka cinye shekarun ƙuruciyarmu, sai da yara suka tasa muka sami sararin zama mu yi rubutu. Na san Hikayata ta taƙaita ga mata masu shekara 18 zuwa 35, da labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma ina ganin suna da hujjarsu, tunda matasa suke son zaburarwa kuma sun faɗa a fili. Amma mu ba mu ce gasar matasa muke yi ba. Idan ta matasa ce a rubuta haka a take, idan kuma ta kowa ce to a bar kowa ya shigo.

Aliyu Gangare:
Baba da Hajiya, ina neman afuwa, amma a nan ina da ja. Idan aka buɗe ƙofa gaba ɗaya, mu masu tasowa za mu kara da mutanen da suka buga littattafai tun muna firamare, kuma kowa ya san yadda sakamakon zai kasance. Idan aka yi shekara biyu a haka, matasa za su daina aikowa. Iyakar shekarun ba don raini aka sa ta ba, kariya ce ga sabon hannu.

Malam Sabo:
Aliyu, damuwarka gaskiya ce, amma shekaru ba su ne ma'aunin sabon hannu ba. Akwai 'yar shekara 28 da ta rubuta littafi goma a intanet, tana da dubban masu karatu, akwai kuma ɗan shekara 60 da bai taɓa kammala labari ɗaya ba. A sharaɗin kwamiti ita ce za ta shiga, shi a hana shi, alhali ita ce ƙwararriyar. Idan sabon hannu muke son karewa, sai a ware kyauta ta musamman ga wanda bai taɓa fitar da cikakken littafi ba, a takarda ko a intanet, ko shekarunsa nawa.

Anti Laraba:
Ina gaishe ku duka, Baba ina wuni. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma akwai kalma biyu a daftarin da suka hana ni sukuni, su ne "ɗan jihar Filato". Malam Nasiru, da me za ku tantance wannan? Idan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma za ku nema, to duk wanda ke zaune a Jos ya san irin ciwon da ke tattare da wannan takarda, kuma ya san mutanen da aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, amma samunta yake yi musu wuya. Bai kamata ƙungiyar marubuta ta ɗauko wannan rigima ta shigo da ita cikin adabi ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ina son a fayyace cewa gasar ta masu rubutu da Hausa ce, ba ta ƙabila ba. Ni ba Bahaushiya ba ce, amma da Hausa na tashi, da ita muke waƙa a coci, da ita nake ciniki a Farin Gada, kuma da ita nake rubutu domin ita ce harshen da maƙwabtana duka suke ji, Birom da Ngas da Afizere da Fulani. Na taɓa fasa shiga wata gasa saboda sanarwar ta ce "marubuta Hausawa", ban san ko an yi nufin a cire irinmu ba, kuma ban sami wanda zan tambaya ba.

Baba Alhaji:
'Yata Laraba, kin yi magana ta hankali. A cikin littattafan nan biyar na 1933, Jiki Magayi John Tafida na Wusasa ne ya rubuta tare da East kansa. Tun ran gini tun ran zane, ba a taɓa tambayar marubucin Hausa ƙabilarsa ko addininsa ba. Harshen ne shaida.

Malam Sabo:
Ina goyon bayan Anti Laraba ɗari bisa ɗari a kan takardar asali, kada ma a ambace ta. Kuma tarihin manyan kyaututtuka ya nuna cewa sharaɗin wurin zama yakan sassauta ne da tafiyar lokaci. Ta NLNG da farko sai ɗan Nijeriya mazaunin Nijeriya, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai, daga baya aka buɗe wa kowane ɗan ƙasa ko a ina yake zaune, har Chika Unigwe ta ci a 2012 tana zaune a Beljiyam. Kyautar Booker ta Ingila ta daɗe a rufe ga ƙasashen Commonwealth da wasu ƙalilan, sai a 2014 aka buɗe ta ga duk littafin Turanci da aka buga a can, Amurkawa suka shigo, wasu marubutan Ingila kuma suka yi ta ƙorafi. Hikayata kuwa ba ta tsaya a Nijeriya ba, shi ya sa Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta zo ta ɗaya a 2022.

Duk da haka ban ce mu buɗe tamu ga duniya ba. Aljihunmu ƙarami ne, alƙalanmu uku ne, kuma idan labarai suka kwararo daga Kano da Katsina da Sakkwato ba za mu iya karanta su da adalci ba. A rubuta "mazaunin jihar Filato", ya haɗa da ɗalibi da ma'aikaci da mai bautar ƙasa, kuma adireshi da lambar waya sun isa shaida.

Akwai abin da nake son mu riƙe a zuci. Waɗancan manyan kyaututtuka da na lissafa, in ban da Hikayata, ba sa karɓar Hausa. Ta NLNG ta Turanci ce. Ta Commonwealth tana karɓar wasu harsuna kai tsaye, ciki har da Suwahili, amma labarin Hausa sai an fassara shi zuwa Turanci. Masu Suwahili kuma suna da tasu kyautar da aka kafa a 2014 da haɗin gwiwar Jami'ar Cornell, wadda take karɓar rubutun da ba a buga ba. Mai rubutu da Hausa ƙofofinsa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa kowane sharaɗi da za mu sa sai mun tabbatar akwai abin da yake karewa, in ba haka ba mu cire shi.

Maryam Rikkos:
Malam, tunda ka ce haka, to a duba maganar daidaitacciyar Hausa. Mu 'yan Jos ana yi mana gori cewa Hausarmu ba ta bambanta namiji da mace, kuma gaskiya haka mutane da yawa suke magana a titi. Idan na rubuta labarin mai sayar da dankali a kasuwa na sa mata Hausar littafi a baki, na yi ƙarya. Idan kuma na sa ta yi magana yadda take yi, alƙali zai ja jan biro ya ce kuskure ne. Sannan yawancinmu a waya muke bugawa, ba kowa ya san yadda ake fito da ɓ da ɗ da ƙ ba.

Malam Sabo:
Maryam, wannan mai sauƙi ne. Muryar mai ba da labari ta bi ƙa'idar rubutu, wato raba kalma da haɗe ta da jinsi da haruffa masu lanƙwasa, amma maganar taurari a bar ta da karin harshenta, na Jos ne ko na Sakkwato ko na Bauchi. Game da haruffan kuwa, a waya ana iya ƙara Hausa a cikin harsunan allon rubutu, sai su fito. Sakatare ya sa bayanin yadda ake yi a ƙasan sanarwa. Ra'ayina shi ne rashin lanƙwasa ya jawo ragin maki, kada ya jawo kora.

Hajiya Maman Zara:
Saura kuɗin rajista. Naira 2,000 ba komai ba ce a wurin wasu, amma ga ɗaliba ko matar da sai ta roƙi maigida, ita ce za ta hana ta. Kuma gasar da ake biya tana sa mutane zargin cewa da kuɗinsu ake haɗa kyautar. Gara mu rage kyautar mu yi karo-karo a tsakaninmu.

Malam Nasiru (sakatare):
Hajiya, a nan kam kwamiti yana da uzuri. Alƙalan da Aliyu ya ce a ɗauko daga waje ba za mu sa su karanta labarai masu yawa mu sallame su da godiya kawai ba, ga kuɗin ɗab'i, ga hayar zauren taro. Amma na ji, zan kai shawarar karo-karo, kuma idan 'yan ƙungiya suka yi alkawarin da zai rufe kuɗin alƙalai kafin ranar sanarwa, za a soke rajistar. Wani abu da ba mu sa a daftari ba kuma ya kamata mu sa shi ne labarin da aka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, ko aka fassaro daga wani harshe. Ina ganin kowa ya sa hannu cewa aikinsa ne na kansa, kuma duk wanda ya kai zagayen ƙarshe a zauna da shi a tattauna labarin kafin a bayyana sakamako.

Anti Laraba:
Zaman tattaunawar yana da kyau, kuma shi ne zai magance abin da ya sami Hajiya. A rubuta cewa ba za a cire kowa bisa zargi ba sai an sanar da shi an ji ta bakinsa, kuma a ba shi kwanaki sanannu ya kawo amsa.

Aliyu Gangare:
Na yarda da kyautar sabon hannu da Malam Sabo ya kawo, amma ina roƙon kada ta zama ta jeka-na-yi-ka. Idan ta ɗaya za ta sami kuɗi, ta sabon hannu kuma takardar yabo kawai, to ba a yi mana komai ba. A sa ta daidai da ta biyu aƙalla.

Hajiya Maman Zara:
Malam Nasiru, akwai wani gurbi da har yanzu ba a cike ba a maganar wallafa. Yarinyar da ta ɗora labarinta a Facebook bara, mutum ashirin suka karanta, yau ta goge shi ta gyara ta ƙara masa rabi, za ta iya shiga da shi? A ma'aunin Malam Sabo ya riga ya fito fili. A nawa ganin kuma sabon aiki ne, kuma irin waɗannan yaran ne muka ce muna nema.

Malam Sabo:
Hajiya, a nan ban bi ki ba. Abin da aka ɗora a fili ba ya goguwa da gaske, wani ya riga ya kwafe, kuma idan muka yarda da wannan ba mu da hanyar auna yawan gyaran da ya mai da tsoho sabo. Wata uku za a ba da, ya ishe ta ta rubuta wani.

Malam Nasiru (sakatare):
To wannan sai a zaman Asabar, bayan la'asar, a inda muka saba. Hajiya da Malam Sabo, kowannenku ya rubuto yadda yake son jimlar ta kasance, kada ta wuce layi uku, ku turo mini kafin daren Juma'a domin in buga wa kowa kwafi a kaɗa ƙuri'a a kai. Baba, za a turo mota ta ɗauko ka in sha Allahu.